Cokalin Kawu Iro Jan Biro

Ku matso kusa, ku gyara zama, yau zancen Kawu Iro ne ya motso mini, kuma in ban amayar da shi ba allura ma ba za ta riƙu a hannuna ba. Ai kun san shi. Duk wanda ya taɓa shigowa ta Ƙofar Doka ya karyo lungunmu ya san shi, in ma bai riƙe fuskarsa ba, to ya riƙe jan biron nan da ke maƙale a bayan kunnensa na dama. Da shi yake zuwa aiki, da shi yake zuwa ɗaurin aure, da shi yake raka gawa. Alwala kaɗai ke raba su, ita ma sai an zo shafar kunne: ya zare shi ya ciza a haƙora, ya shafa, ya mayar. Shi ya sa har ya koma ga Allah ba mai cewa Malam Ibrahim. Iro Jan Biro, shi ke nan.

Ga waɗanda suka manta ni, ni ce Dije, 'yar ƙanwarsa. Tun da maigidana ya rasu na dawo gidan kakanninmu, aka ba ni ɗakin da ke jingine da zaure, bango ɗaya ne tsakanina da tabarmar Kawu. Ni ba mai yawo ba ce, kun sani, ɗinkin hulata ya ishe ni hira. Boko kuwa a aji uku na tsaya. Amma fa Allah ya ba ni kunne. In kaza ta taka tsakar gida ina iya gaya muku tamu ce ko ta maƙwabta.

A maɗaba'ar jami'a Kawu ya yi aiki, inda ake buga littattafan malamai da mujallu da ɗan littafin nan da ake rabawa ranar yaye ɗalibai. Shi ba ya rubuta littafi, ba kuma shi ke juya inji ba. Shi ne ake kawo wa bugun gwaji, wato shafukan da ake fara fitarwa kafin a buga na gaske, ya bi su baƙi bayan baƙi, ya ga ina aya ta ɓace, ina waƙafi ya yi yawa, wace kalma ce aka rubuta iri biyu. Maganarsa ɗaya ce, kuma na san yanzu haka wasunku sun riga ni faɗarta a zuci: "Zaɓi ɗaya, ka tsaya a kai."

Ya sha cewa shi ba ya faɗa da kuskure, kuskure na ɗan Adam ne. Abin da ba ya yafewa shi ne mutum ya rubuta abu iri kaza a shafi na biyar, ya zo shafi na hamsin ya sake masa kama. "Wannan ba kuskure ba ne," in ji shi, "saɓa alkawari ne." Kuma burinsa guda ne a duniya: duk ƙa'idojin nan da ya tara a kansa da cikin tsofaffin littattafansa na rubutu, ya haɗa su wuri ɗaya, jami'a ta buga, duk wanda zai wallafa abu da sunanta ya bi. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin zai ƙare.

To ba a takarda kaɗai ya tsaya a kan ɗaya ba. Karin kumallonsa koko da ƙosai, tun ina goye a bayan uwata har na yi furfura. Wata safiya matarsa, Inna Yalwa, ta ce bari ta burge shi, ta yi masa waina da miyar taushe. Ya buɗe kwano, ya duba, ya rufe.

"Yalwa, wa ya ba da izinin wannan gyara?"

"Malam, shekara talatin kana cin abu ɗaya, ba ka gaji ba?"

"Ke ma shekara talatin ke nan, kin ji na ce na gaji?"

Inna ta rasa ko ta yi fushi ko ta yi murna. Ta ɗauke wainarta, muka cinye, ta aza kaskon ƙosai tana ƙunƙuni tana murmushi.

Na auren Binta kuwa, 'yarsa ta fari, ai wasunku har yau suna da katin a ƙasan akwati. Dangin ango ne suka buga kati, suka aiko mana da namu kason mu raba. Kawu ya zaro ɗaya, ya nisanta shi da ido, ya matso da shi, sai kawai muka ji, "Innalillahi!" Inna ta fito a guje da ludayi a hannu.

"Malam, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Dubi nan! Uban ango an rubuta masa Alhaji cikakke. Waliyyinsa an gutsure masa, baƙi uku da ɗigo. Kawunsa baƙi uku ba ɗigo. Mutum uku, Makka ɗaya suka je, an ba su suna kala uku!"

"Malam, aure za a ɗaura ko jarrabawa za a zauna?"

Ko kallonta bai yi ba. Yini biyu ya yi a zaure yana bin katunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya ja layi, ya rubuta a sama. Kati ya shiga gari jajawur kamar takardar wanda ya faɗi jarrabawa. Washegari da hantsi sai ga baffan ango, gumi har gemu, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Malam, lafiya? Gari ya ɗauka kun fasa! An ce kun bi sunayen mutanenmu kun soke da ja!"

"Auren yana nan daram, Alhaji. Rubutunku na soke." Ya miƙa masa ɗaya. "Ungo, adana wannan, na ji ango yana da ƙane."

Rowa kuwa, a'a, kada in yi wa mamaci sharri, ba a taɓa rufe tukunya a gidansa don baƙo ya shigo ba. Amma a kan biro, Allah ya gafarta masa! In biro ya fara shaƙewa, sai ya murza shi a tafin hannu kamar mai kaɗa miya da maburgi. In bai farfaɗo ba, ya shanya shi a rana bisa katanga. In ya ƙi, sai ka ji, "Dije, akwai ruwan zafi?" Wata rana na ɗora ruwan kunu, na shiga ɗaki na fito, sai ga biro tsaye a cikin tukunya kamar muciya.

"Kawu! Ruwan kunu ne fa!"

"To me ya faru? In ya yi ja ki ce zoɓo ne."

In biro ya mutu murus ma ba a yar da shi. Yana da wani tsohon gwangwanin alewa, kowane biro sai ya ɗaura masa 'yar takarda da zare, ya rubuta sunan littafin da ya ƙare a kansa. Wani lokaci ya buɗe ya zaro ɗaya ya nuna mini: "Wannan a kan littafin cututtukan shanu ya cika, babi na tara. Jarumi ne." Ya cika, wallahi haka yake cewa, kamar mutum.

Yanzu bari in zo kan cokali. Kawu ya ce duba rubutu ba aikin mutum ɗaya ba ne, ido yana yi wa mai shi ƙarya, yana ganin abin da ya sa ran gani. Don haka yana da abokin karatu, Malam Tanimu, gajeren nan mai wushirya, tare suka fara aiki tun suna samari. Abin da ba su gama a ofis ba sai su taho da shi gida, bayan la'asar su shimfiɗa tabarma a zaure. Malam Tanimu ya riƙe rubutun da marubuci ya kawo yana karantawa da ƙarfi, Kawu ya riƙe bugun gwaji yana bi da biro. Da can kowace alama da baki ake faɗarta: "waƙafi", "aya", "babban baƙi". Sai Kawu ya ce wannan ɓarnar yawu ce. Ya shigo madafi ya ɗauke mana cokali guda, da farantin tasa, da kofin gilashi. Waƙafi, a bugi faranti sau ɗaya, ƙwal. Aya, sau biyu, ƙwal-ƙwal. Babban baƙi, a taɓa kofi, tin. Alamar tambaya kuwa a ja cokali a bakin faranti, ƙiii, har haƙoranka su yi tsami.

Jama'a, ku zo ku ji kiɗa! Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta taɓa leƙowa ta ce, "Malam, biki ake yi a gidan nan ba a gaya mana ba?" Kawu bai ɗaga kai ba ya ce, "Bikin ilimin ƙasa ne, Iya, muna shafi na saba'in."

Ni kuwa ina bayan bango da hulata. Turanci ban san shi ba, har gobe. Amma na san kiɗansa. Ai mai ɗinkin hula da ƙirga take rayuwa, uku sama biyu ƙasa, in ta kauce sau ɗaya zane ya karkace, kuma ko makaho ya shafa sai ya ji. To shekara da shekaru ina jin ƙwal da tin ta cikin bango, ban yi niyya ba, kunnena ya haddace inda kowanne ke faɗowa.

Akwai wani farfesa Bakano, dogo, mai ƙamshin turare, wanda daga baya ya zama shugaban kwamitin wallafa na jami'a. Ya rubuta littafi, Kawu ya mayar masa da shi kamar an yanka kaza a kai. Ya taso takanas har cikin birni. Motarsa ta ƙi shiga lungunmu, ya bar ta a bakin titi ya tako, babbar riga tana sharar ƙasa. Ina ɗaki na ji sallamarsa, na san yau akwai kallo.

"Malam Iro, me na yi maka? Duk inda na sa babban baƙi ka bi ka ƙasƙantar da shi! Shugaba, darakta, farfesa, duk ka mayar mini da su 'yan ƙanana!"

"Ranka ya daɗe, inda muƙamin ke manne da sunan mutum na bar maka shi babba. Inda yake yawo shi kaɗai a tsakiyar magana, ƙarami ne. Haka na yi wa wanda ya riga ka, haka zan yi wa wanda zai biyo ka. Babban baƙi ba rawani ba ne da za a naɗa wa wanda aka ga dama."

"Ku Zage-zagi komai sai kun tsuke shi, kamar lungunanku!"

"Ku kuma Kanawa komai sai kun hura shi. Da za a bar ku, akuya ma da babban baƙi za ku rubuta ta."

Kun dai san wasan da ke tsakaninmu da Kanawa, ba mai riƙe shi a zuci. Ranar an yi dace Malam Tanimu ya tafi Kufena duba gonarsa. Sai Kawu ya tura wa Farfesa faranti da kofi, ya danƙa masa cokali.

"Zauna, ranka ya daɗe. Karanta mini babi na uku yadda ka rubuto shi, da bakinka. Ga yadda ake bugawa."

Wallahi mutumin nan ya naɗe riga ya zauna. Ya fara, ƙwal, tin, ƙwal-ƙwal. Da farko da izza yake bugawa. Can sai na ji bugun ya fara sanyi. Kalma ɗaya, nan kofi ya yi kuka, layi uku gaba shiru, ƙasan shafi ya sake kuka. Shi da kansa ya ji. Ya tsaya.

"La'ilaha illallahu! Ni na rubuta wannan?"

"Ni dai ban taya ka ba," in ji Kawu.

Mako na zagayowa sai ga Farfesa ya dawo da babi na huɗu. Ya zauna, ya sa hannu a aljihun gaba, kusa da alƙalaminsa na zinariya, ya zaro cokali sabo fil. Ya ce na Zage-zagi ya lanƙwashe, ba ya ba da sauti mai kyau.

To, dariya ta isa haka, bari in gaya muku abin da da yawanku ba su sani ba.

Bayan Kawu ya yi ritaya, maɗaba'a ta cika da sababbin ma'aikata, kowa da kwamfutarsa, kowa da yadda yake so. Mujalla ɗaya ta fito, gabanta da salo daban, bayanta da salo daban. Wani ya taɓa ce masa, "Baba, ai yanzu kwamfuta ke gyara." Ya ce, "Kwamfutar ta san abin da muka zaɓa shekara ashirin da suka wuce?" Da abin ya ishe su, sai jami'a ta aiko: Malam Iro ya haɗa littafin ƙa'idojin nan, ɓangaren Turanci da na Hausa, a gama kafin bikin yaye ɗalibai, Farfesa ne zai sa hannu a buga. Ranar da takardar ta zo Kawu ƙosai bakwai ya ci maimakon biyar. Inna ta ce, "Yau kuma wa ya ba da izinin gyara?"

Ya kwashi tsofaffin littattafansa na rubutu ya kai, mai buga rubutu a maɗaba'a tana bugawa, ana aiko da shafuka gida kashi-kashi, shi da Malam Tanimu suna dubawa.

Kunnena ne ya fara ganewa. Da, in ana karatu, ina jin bakin bironsa yana bin takarda, ƙar-ƙar. Sai na daina ji. Sai na fara jin ya kai hannu ɗaukar buta ya ture ta. Sai na ji ya ce wa Malam Tanimu, "Bar nawa rubutun, na san abin da ke ciki. Karanta mini bugun gwajin kansa, ina saurare." Wata safiya na kai masa koko, na miƙa ta dama, ya miƙo hannu ta hagu. Na durƙusa.

"Kawu, idon ne?"

Ya lalubo kokon ya karɓa. Sannan ya ce, "Hayaƙi nake gani, Dije. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, saura ma tafiya yake yi. In jami'a ta ji, za su karɓe aikin su ba kwamiti, mutum goma kowa da son ransa. Littafin da zai koya wa mutane tsayawa a kan abu ɗaya, a ce mutum goma ne suka ja shi! Yalwa ta sani, Tanimu ya sani, ke ce ta uku. Ki rufa mini asiri."

Na ce, "Na rufa, Kawu." Na koma ɗaki na ɗinka layi guda a karkace, sai da na warware.

Amma kunne ba ido ba ne, ba ya komawa baya ya leƙa shafin shekaranjiya. Ga tsufa, ga zullumi. Malam Tanimu kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, abin da ya gani shi yake bugawa, yana juya shafi ya manta. Wata la'asar suna kan jerin sunayen sassan jami'a, sai na ji, "Tsangayar," tin, "Aikin," tin, "gona," shiru. Allurata ta tsaya cak. Na jira Kawu ya yi magana, bai yi ba. Bakina ya riga hankalina.

"Kawu! Ranar Talata da aka zo sunan nan sau uku kofi ya yi kuka, yau biyu na ji!"

Malam Tanimu ya ce, "Wa ke magana?"

"Bango ne," in ji Kawu. "Duba shafukan Talata ka ga ko bango ya yi ƙarya."

Na ji ana juya takardu. Can Malam Tanimu ya ce, "Wallahi gaskiyarta, Iro. Can uku ne."

"Dije! Ɗauko hularki da allurarki ki dawo bakin ƙofa."

Daga ranar nan aka shimfiɗa mini buzu a ƙofar zaure ta ciki, bayan asabari. Kawu ya raɗa mini suna Kwamiti. In an gama shafi sai ya ce, "Kwamiti, kin amince?" In ce, "Na amince," ko in ce, "A koma layi na huɗu." Inda ake jera kalmomi kuwa baƙi-baƙi Malam Tanimu ke faɗa, ko da na Turanci ne, ni dai na san in jiya kalma ta zo da tagwayen baƙi yau ta zo da tilo. Har kaina ya fara girma, ba zan ɓoye muku ba.

"Malam Tanimu, ka cinye waƙafi."

"Ban cinye ba, Hajiya Kwamiti, cokali ne ya suɓuce!"

"To a sake, kada ya saba."

Haka muka ci damina guda, mu uku, mai ido ba ya riƙewa, mai riƙewa ba ya gani, ni kuma ban san ma'anar rabin abin da nake ji ba. Sau biyu muka bi littafin daga bango zuwa bango.

Ana saura 'yan makonni biki sai ga Farfesa ya zo karɓar aiki. Aka gaisa, aka taɓa wasan Kanawa da Zage-zagi, na ji yana juya shafuka yana cewa madalla. Har na fara ajiyar zuciya. Sai ya ce, "Malam Iro, duba mini layin nan na tsakiya, kamar ban gamsu da shi ba." Ya miƙa masa takarda.

Ta tsakanin asabari nake hangensu. Kawu ya karɓa. Ya zare biro daga kunne, ya riƙe shi a kan takardar. Da ya so, da ya ce wa Malam Tanimu karanta mu ji, a wuce wurin, ba wanda zai gane. Sai na ga ya mayar da biron bayan kunne, ya ajiye takardar a kan tabarma.

"Ranka ya daɗe, ban taɓa yi wa takarda ƙarya ba, ba zan fara da wannan ba. Ba na gani. Tun kafin ruwan farko."

Farfesa ya yi salati a hankali. Ya jajanta masa, har muryarsa ta sauya. Sannan ya ce, "Amma Malam, ni zan sa hannu. Littafin ƙa'ida ne fa. In aka sami ɓaraka a cikinsa, dariyar da za a yi mana ba ta ƙarewa. Wa ya duba shafukan nan? Dole in mayar wa kwamiti su sake bi daga farko."

"Kwamiti na nan bayan asabari. Dije, gaida Farfesa."

Na gaishe shi.

"Ikon Allah. Ina ta yi karatu?"

"Aji uku, da hulunan da ba su ƙirguwa. Ka zo da cokalinka? To buɗe duk inda ka ga dama ka karanta. Ka sauya abin da ka ga dama, kada ka faɗa. In ta bar ɗaya ya wuce, kwashi takardunka ka kai wa mutum gomanka, ba zan ce uffan ba."

Jama'a, ku duba fa. Aikin ran mutum ne aka ɗora a kan kunnena. Na ajiye hula, na rufe ido, na ce Bismillahi.

Ya buɗe ɓangaren Turanci ya karanta shafi guda cur. Ya ce, "To?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ka taɓa komai ba." Ya yi gyaran murya ya juya gaba. Yana tsakiya na ce, "Tsaya. Bayan doguwar kalmar nan mai kama da tari akwai ƙwal ɗaya, ka haɗiye shi." Malam Tanimu ya leƙa takarda ya ce, "Ɗaya ke nan!" Farfesa ya tsallaka can ƙarshen littafi, ya ƙara sauri, yana ta sharara karatu kamar mai gudun ruwa, ƙwal, ƙwal-ƙwal, tin, ƙwal, tin. Na bar shi ya kai aya, sannan na ce:

"Ranka ya daɗe, kofin nan na ƙarshe ba ya cikin littafin. Na Kanawa ne."

Wayyo! Malam Tanimu ya kife a kan tabarma yana dukan ƙasa. Inna da ke laɓe a bayana ta saki guɗa ba ta sani ba. Farfesa ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, kuma na lura ya daɗe yana sharewa, fiye da abin da dariya ke kawowa. Ya zaro alƙalaminsa na zinariya, sai kuma ya mayar. Ya ce, "Malam Iro, ara mini naka." Kawu, mutumin da bai taɓa ba kowa aron biro ba, ya zare ya miƙa masa. Da ja aka sa hannu.

Kafin a kai shafukan maɗaba'a Kawu ya kira ni. "Ke, a katin asibiti an rubuta miki Hadiza, a na zaɓe Khadija, a gida Dije. Zaɓi ɗaya ki tsaya a kai." Na ce, "Wanda kuke kirana da shi, Kawu." Na ɗauka tsokanarsa ce ta kullum.

Ranar da littafin ya fito, ɗan siriri mai koren bango, Farfesa da kansa ya kawo. Kawu ya shafa gabansa, ya shafa bayansa, ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya miƙo mini, daidai inda nake, don ya riga ya koyi gane mutum da numfashinsa.

"Buɗe shafi na biyu ki karanta da kanki. Ba cokali."

Na sa yatsa ina bi a hankali, yadda na iya. "Godiya ga Malam Tanimu, wanda ya karanta, da Malama Dije, wadda ta saurara." Na sake bi. Na ce, "Kawu, ni ce Malama? Har da babban baƙi?"

"Yana manne da sunanki, dole ya zama babba. Ƙa'ida ce, ba alfarma ba. Ki daina jiƙa mini takarda."

Bai cika shekara ba bayan nan, wata Laraba da hantsi, ya sha kokonsa, ya ci ƙosansa biyar, ya ce zai ɗan kishingiɗa. Shi ke nan. Da za a yi masa wanka Inna ta zare biron daga bayan kunnensa ta damƙa mini. Na buɗe gwangwanin alewa zan sa shi cikin 'yan uwansa, sai na gwada shi a tafin hannuna, ya yi ja. Bai ƙare ba. Mai shi ne ya riga shi cikawa. Yana nan cikin kwandon zarena. Cokalin kuwa ya koma madafi, amma har yau in ya bugi kwano sau biyu sai in ji bakina ya ce aya.

Allah ya jiƙan Kawu Iro. Allah ya haskaka kabarinsa fiye da hasken da idonsa ya rasa. Ranar da za a raba wa kowa littafinsa, Allah ya ba shi nasa a hannun dama, in akwai kuskure a ciki ya shafe masa da rahamarsa, kada a ja masa layi ko ɗaya. Ya zaɓi gaskiya ya tsaya a kai, Allah ya tsaya masa. Amin.

Ku kuma da kuka yi karatu mai zurfi, in kun buɗe littafi kuka bi shi daga farko har ƙarshe ba abin da ya sa ku tuntuɓe, kun taɓa tsayawa kuka tambayi wanda ya share muku hanyar, ko don ku sa shi a addu'a?